Ajalin Ƙwayoyin Jiki da Magungunan da Ke Taɓa Shi

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da magatakardansu, zama su ne jama'a ke fara kai wa kuka tun ba a je ga likita ba. Sau da yawa a kan zo zaure da labarin wani mai kumburin da ya ƙi sacewa, ko wata mai ƙullutu a mama, ko yaron da muƙamuƙinsa ya tashi cikin 'yan makonni. A kan ce ciwon daji ne, a kan kuma ƙara da cewa daji ba ya son allura, ba ya son wuƙa. Da wannan magana sai a yi ta jinya a gida har lokaci ya ƙure.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan ciwo, abin da suka tarar kuwa yana da ban mamaki. Jikin mutum yana zaune lafiya ne domin ƙwayoyin da aka gina shi da su suna mutuwa bisa ƙa'ida, ko wace a lokacinta. Ciwon daji, wanda likitoci ke ce wa sankara, yana samun gindin zama sa'ad da waɗansu ƙwayoyi suka ƙi amsa kiran ajalinsu. Wanda ya gane wannan zai gane abin da maganin asibiti ke yi, da dalilin da ya sa a ke son a kai majinyaci da wuri, da kuma inda 'yan tallar magani ke ruɗin mutane.

TUBALAN DA AKA GINA JIKI DA SU

Kamar yadda a ke gina soro da tubali, haka aka gina jikin mutum da na dabba da na itace da waɗansu ƙananan tubala masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A shekarar 1665 wani Bature a Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon wani itace siriri ya sa a madubi, ya ga 'yan ramuka a jere kamar ɗakuna, ya sa musu suna da kalmar Latin mai ma'anar ɗan ɗaki. Su ne a ke kira ƙwayoyin jiki a nan. Kada a haɗa su da ƙwayoyin cuta, waɗanda baƙi ne masu shigowa daga waje.

Baligi yana da ƙwayoyi wajen tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan har sau 30. Ko wace tana da tantanin da ya kewaye ta, yawancin ire-irensu kuma suna da cibiya a tsakiya inda a ke ajiye zaren gado, wanda Turawa ke ce wa DNA. A jikin zaren nan akwai umurni wajen 20,000, ko wane yana faɗin yadda za a ƙera wani ma'aikaci na cikin ƙwaya. Ma'aikatan nan su ne a ke kira furotin. Har ila yau akwai waɗansu 'yan buhuna da ke ƙona abinci su ba ƙwaya ƙarfi, sunansu mitokondiriya, amma ya fi sauƙi a ce musu murhun ƙwaya.

Ƙwayoyi suna haihuwa ta hanyar rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Shimfiɗar cikin hanji ta kan sake sabuwa cikin kwana 3 zuwa 5. Biliyoyin ƙwayoyi a ke haifa ko wace rana. To, in ana haihuwa haka ba a mutuwa, ina za a zuba su? Tilas adadin masu tafiya ya yi daidai da na masu zuwa.

MUTUWA IRI BIYU

Ƙwaya tana iya mutuwa ta hanyar haɗari. In wuta ta ƙona fata, ko guba ta shiga, ko jini ya yanke daga wata gaɓa, sai ƙwayoyin wurin su kumbura su fashe, abin cikinsu ya watsu a kan maƙwabta. Daga nan wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, wani lokaci har ya tara mugunya. Wannan tamkar gobara ce a unguwa, ba ta tsayawa gida ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce mutuwar ƙa'ida. Misalinta kamar maigida ne ya ga ɗaki ya tsufa, ya sa a kwashe kaya, a sauke azara a jingine don wani gini, a rushe bango a hankali, a share wurin, maƙwabci bai ko ji ƙura ba. Ƙwayar da lokacinta ya yi ta kan tsuke, ta janye daga maƙwabtanta, ta yayyanka zaren gadonta, sa'an nan ta rarrabu ƙulli ƙulli, ko wane a naɗe cikin tantani. Ta kan fito da wata alama a bayan tantaninta mai ma'anar a zo a ɗauke ta. Waɗansu fararen ƙwayoyin jini masu aikin shara sai su haɗiye ƙullin, jiki ya sake amfani da abin da ke ciki. Cikin 'yan sa'o'i an gama, ba zafi, ba kumburi. Saurin sharar nan ne ya sa aka daɗe ba a lura da yawan abin ba.

AMFANIN MUTUWAR ƘA'IDA

Ɗan tayi a cikin mahaifa hannunsa kamar faifai ya ke fara fitowa, yatsu a manne. Tsakanin mako na 6 da na 8 ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu su kan mutu, yatsu su rabu. Ga agwagwa ba duka ke mutuwa ba, shi ya sa ƙafarta ke da tantanin iyo, ta kaza kuwa babu. In talibambam zai zama kwaɗo, wutsiyarsa ba yankewa ta ke yi ta faɗi ba. Wani ruwa ne ke fitowa daga gaɓar wuya, wadda in ta kumbura ga mutum a ke ce maƙoƙo, ya umurci ƙwayoyin wutsiya su mutu, jiki ya shanye su.

Haka kuma a ƙwaƙwalwa da laka a kan haifi ƙwayoyin jijiya fiye da bukata, a waɗansu sassa har wajen rabi su kan mutu, a bar waɗanda suka sami inda za su haɗu. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar gaɓa inda a ke horar da dakarun jini masu yaƙi da cuta. Fiye da 9 cikin 10 na ɗaliban wannan makaranta a kan sa su mutu, ko don ba su iya gane abokin gaba ba, ko don an ga za su juya su yaƙi jikin da ya haife su. Mace kuma in ta yaye ɗanta, ƙwayoyin da ke yin nono su kan mutu ta wannan hanya, mama ya koma yadda ya ke.

YADDA AKA GANO

A shekarar 1842 Carl Vogt, mutumin Jamus, ya rubuta cewa ya ga ƙwayoyi suna ɓacewa a jikin talibambam yayin da ya ke girma. A 1964 Richard Lockshin da Carroll Williams a Amurka suka bincika yadda waɗansu tsokoki na tsutsar siliki ke narkewa bayan ta yi fiffike, suka ce wannan mutuwa ce da aka tsara tun farko. A 1972 masana uku a Jami'ar Abadin ta ƙasar Sikotlan, John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie, suka nuna cewa siffar mutuwar nan ɗaya ce a gaɓoɓi dabam dabam. Wani malamin harshen Girka a jami'ar ya ba su kalmar afoftosis, wadda ke nufin zubar ganye daga itace. Sunan ya dace, gama kuka ta kan zubar da ganyenta da rani, gawo ya zubar da nasa da damina, ba kuwa wanda ke cewa sun mutu.

Asirin abin ya fito ne daga wata 'yar tsutsar ƙasa wadda tsawonta milimita 1 ne, ba ta kai tsabar gero ba, jikinta kuma garau ya ke, ana hangen cikinsa a madubi. Sydney Brenner ya zaɓe ta don bincike a Kambirij ta Ingila. John Sulston ya zauna shekara da shekaru yana bin ko wace ƙwaya tata tun daga ƙwai. Ya tarar ana haifar ƙwayoyin jiki 1,090, guda 131 suna mutuwa, 959 su saura, kullum kuwa waɗannan 131 ɗin ne, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. A 1986 Robert Horvitz a Amurka ya gano umurni biyu a zaren gadon tsutsar waɗanda in aka lalata su ƙwayoyin nan ba sa mutuwa. Daga baya ya gano na uku mai hana mutuwa. Da aka duba, sai ga 'yan'uwan waɗannan umurni a jikin mutum suna aiki iri ɗaya. Su uku aka ba lambar Nobel a shekarar 2002.

YADDA HUKUNCI KE GUDANA

Ko wace ƙwaya tana ɗauke da makaman hallaka kanta tun ranar da aka haife ta, sai dai a cikin kube su ke. Makaman nan waɗansu furotin ne masu yanka, sunansu kasfes. Hanya biyu a ke bi a zare su.

Ta farko daga cikin gida ta ke tasowa. Akwai wani furotin, p53, wanda aka gano a 1979, aikinsa kamar na alƙali ne. In zaren gado ya sami rauni, ko daga guba ko daga kuskuren kwafi, sai p53 ya tsai da ƙwaya daga rabuwa har a gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara sai ya yanke hukuncin mutuwa. A bakin murhun ƙwaya kuwa akwai ƙungiya biyu da ke ja-in-ja kullum. Ɗaya ita ce ta BCL-2 da 'yan'uwansa masu tsaron rai, ɗayar ta BAX da BAK masu huda. Muddin masu tsaro sun fi ƙarfi, ƙwaya na nan da ranta. In hukunci ya zo, sai a aiko da manzannin da za su riƙe hannun masu tsaro, BAX da BAK su huda bangon murhu. Wani furotin mai suna saitokurom, wanda a da aikinsa taimakon ƙona abinci ne, sai ya kwararo waje. Xiaodong Wang ne ya nuna haka a 1996. Fitowarsa ita ke tara waɗansu furotin su yi da'ira mai ƙafa 7, su zare kasfes na 9, shi kuma ya zare kasfes na 3, wanda shi ne hauni. Wannan ya bi ma'aikatan ƙwaya ɗaruruwa yana yankewa. Daga an huda murhu, da wuya a komo.

Hanya ta biyu daga waje ta ke zuwa. A bayan tantanin ƙwaya akwai waɗansu ƙofofi da a ke kira ƙofofin mutuwa, sananniya cikinsu ita ce Fas, wadda aka gano a Japan da Jamus a 1989. In dakarun jini suka ga ƙwayar cuta ta ɓuya cikin wata ƙwayar jiki, sai su ƙwanƙwasa ƙofar nan, kasfes na 8 ya tashi, ya kira hauni. Ta haka a ke rushe ɗaki guda don a tsirar da gari.

IN MA'AUNI YA KARKACE

In mutuwa ta yi yawa, akwai cuta. Bayan shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, ƙwayoyin da ke gefen inda jini ya yanke su kan ci gaba da mutuwa har kwanaki. Cutar ƙanjamau ma tana sa dakarun jini su yi ta hallaka har jiki ya rasa masu tsaro.

In mutuwa ta yi kaɗan, nan ne sankara ke shigowa. A 1984 aka gano BCL-2 a Filadalfiya ta Amurka, cikin wata sankarar kaluluwa. A 1988 David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams a Malbon ta Ostareliya suka nuna cewa aikinsa hana ƙwaya mutuwa ne. Kafin nan an ɗauka sankara yawan haihuwa ce kawai. Shi kuwa p53, a wajen rabin dukan sankarar 'yan Adam a kan tarar an lalata shi. A 2015 aka nuna cewa giwar Afirka tana da umurnin p53 har wajen 20 inda mutum ke da 1, ana kuwa ganin wannan na cikin dalilan da suka sa sankara ba ta cika kama giwa ba, duk da girmanta.

Abubuwa uku a nan sun shafi ƙasar nan kai tsaye.

Na farko gyaɗa da masara. In aka tara su da danshi, wata fumfuna ta kan kama su ta zuba guba mai suna afalatoksin. An gano ta bayan da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, daga cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar Barazil. A 1991 aka tarar gubar nan tana lalata umurnin p53 a wuri guda takamaimai cikin hanta, an kuwa ga wannan tabo ga masu sankarar hanta a ƙasar Sin da kudancin Afirka, daga baya har da Afirka ta Yamma. In mutum yana da ciwon hanta nau'in B kuma yana cin gubar, haɗarin ya kan ninka sau da yawa. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita.

Na biyu sankarar bakin mahaifa. Harald zur Hausen na Jamus ya nuna a 1983 da 1984 cewa wata ƙwayar cuta, HPV, ita ce sanadi. Ƙwayar tana ƙera wani furotin da ke kama p53 ya sa a niƙe shi, watau ta kashe alƙali don kada a yanke mata hukunci. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a watan Oktoba na 2023.

Na uku kumburin muƙamuƙin yara. Likita Denis Burkitt ya bayyana shi a Kamfala ta Yuganda a 1958, ya kuma lura ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 aka gano wata ƙwayar cuta a cikinsa, mai ɗauke da dabarun hana ƙwaya mutuwa. Ƙarin nan yana iya ninka kansa cikin kwana 1 ko 2, amma yana cikin masu saurin jin magani. Likita Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya yi aikin warkar da yara masu shi a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar Lasker ta Amurka a 1972 saboda wannan.

SINADARAN DA KE TAƁA AJALIN ƘWAYA

Yawancin magungunan sankara na asibiti, da gashin da a ke yi da na'ura, aikinsu shi ne su yi wa ƙwayar sankara raunin da zai sa ta yanke wa kanta hukunci. Cyclophosphamide, wanda a ke ba yara masu kumburin muƙamuƙi, da cisplatin da aka yarda da shi a 1978, zaren gado su ke ɓatawa. Vincristine, wanda aka yarda da shi a 1963, hana ƙwaya rabuwa ya ke yi. Daga wani fure na tsibirin Madagaska a ke samunsa, sai an tara ganye kilo ɗaruruwa kafin a tace giram 1. Da ya ke magungunan nan sun fi kama ƙwayoyi masu saurin rabuwa, su kan taɓa na gashin kai da na baki da na ɓargo. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ya yi gyambo, jini ya ragu. Waɗannan su kan wuce in an gama, gashi ya komo.

Bayan an san hanyoyin hukunci, sai masana suka shiga ƙera sinadaran da za su taɓa gaɓa guda kurum. A 2005 wani kamfanin Amurka, Abbott, ya fito da ABT-737, wanda ke kwaikwayon manzannin nan masu riƙe hannun BCL-2. Ƙanensa navitoclax ya yi aiki ga majinyata, amma ya taɓa wani ɗan'uwan BCL-2 da ƙwayoyin daskarar da jini ke dogara da shi, suka ragu ƙwarai. Aka koma aka sassaƙa wanda zai kama BCL-2 shi kaɗai, aka sami venetoclax, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2016 don wata sankarar jini. Ƙarfinsa ma ya zama haɗari. A farkon gwaji ƙwayoyin sankara suka mutu da yawa a lokaci guda, dattinsu ya fi ƙarfin ƙoda, har aka yi hasarar rai. Saboda haka a ke fara shi da miligiram 20, a riƙa ƙarawa mako mako har 400 cikin mako 5, likita yana auna jini. Daga gano BCL-2 zuwa samun wannan magani shekara 32 ke nan.

Akwai kuma waɗanda amfaninsu a ɗakin bincike ya ke. Staurosporine an samo shi a 1977 daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, a hannun Satoshi Omura da abokan aikinsa a Japan. Shi ne kuma masanin da bincikensa ya kai ga Mectizan, maganin makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Staurosporine yana sa kusan ko wace irin ƙwaya ta mutu, mai lafiya da marar lafiya, don haka ba a ba mutum shi, sai dai a ɗiga a faranti in ana son a kalli yadda mutuwar ke gudana. Sai da aka sāke masa siffa aka sami midostaurin, wanda aka yarda da shi a 2017. Nutlin, na shekarar 2004, yana kwance p53 daga hannun furotin da ke danne shi.

Waɗansu kuwa hana mutuwa su ke yi. Akwai zVAD, mai toshe bakin kasfes. Da aka yi ta aiki da irinsa sai aka ga abin mamaki, in an toshe wannan hanya waɗansu ƙwayoyi su kan bi wata su mutu ta fashewa, ita ma kuwa da tsarinta. A 2005 Junying Yuan da abokan aikinta a Jami'ar Habad suka sami necrostatin mai tare wannan hanya ta biyu. A 2012 Brent Stockwell a Niyok ya bayyana wata kuma, inda sinadarin ƙarfe ke sa man da ke cikin tantanin ƙwaya ya lalace har tantanin ya yage. Erastin ke ta da ita, ferrostatin ke kwantar da ita. An yi fatan masu toshe kasfes za su ceci hanta, amma emricasan da aka gwada ga majinyata har zuwa 2019 bai ba da abin da a ke nema ba.

SINADARIN BINCIKE DABAM, MAGANI DABAM

Nan ne ya kamata a yi hattara. Kashe ƙwayar sankara a faranti ba wuya, ruwan zafi ma ya isa. Wuyar ita ce a kashe ta a jikin mutum a bar mutumin da rai. Saboda haka ko wane sinadari sai ya bi matakai. A gwada shi a faranti, sa'an nan ga ɓeraye, sa'an nan ga mutane kaɗan don a san iyakar abin da jiki zai ɗauka, sa'an nan ga ɗaruruwa ko dubbai, ana gwama shi da maganin da a ke da shi. Aikin ya kan ci shekara 10 ko fiye. Cikin sinadarai 10 da suka kai ga gwajin mutane, wajen 9 a kan watsar.

To, in mai talla ya zo kasuwa da lasifika yana cewa masana sun tabbatar garinsa ko ruwansa yana sa ƙwayar daji ta kashe kanta, ko da ya nuna takarda, tambaya ita ce, a faranti ne ko a jikin mutane, mutum nawa, kuma wace hukuma ta duba? Wannan ba raina itatuwa ba ne, ga vincristine nan daga fure ya fito. Amma sai da aka tace shi, aka auna, aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa.

Batun jinkiri kuma, dalilinsa a fili ya ke. Ƙwayoyin sankara suna ƙara tara kuskure a zaren gadonsu yayin da su ke yawaita. Ƙarin da aka kama yana ƙarami, sau da yawa ana iya yanke shi duka, ko kuwa makaman mutuwarsa na nan magani zai iya zare su. Wanda ya shekara, ya bazu zuwa hanta ko ƙashi, galibi ya riga ya toshe hanyoyin hukunci da yawa. Allura da wuƙa ba su ke fusata daji ba. Abin da ke faruwa shi ne a kan kai majinyaci bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, in ya rasu sai a ɗora wa allura laifi.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI

Ana roƙon hakimai su sa magatakarda su karanta wa dagatai da masu unguwa waɗannan abubuwa, su kuma su isar ga jama'a.

1. Duk ƙullutu a mama ko wuya ko hammata, da gyambon da ya ƙi warkewa, da zubar jini ga mace ba lokacin al'ada ba ko bayan ta daina, da kumburin muƙamuƙi ko na ciki ga yaro, a kai asibiti ba tare da jira ba. Na yaro kada ya kwana biyu. Ba ko wane ƙullutu ne sankara ba, amma likita ne zai rarrabe.

2. Wanda aka fara wa magani ya daure ya gama. Zubar gashi da kasala ba alamar magani ya ƙi shi ba ne. In an yanke a tsakiya, ƙwayoyin da suka fi taurin kai su ne za su saura su yaɗu. In kuɗin mota ko na magani ne ya gagara, dangi da masu hali na gari su taimaka.

3. A busar da gyaɗa da masara sarai kafin a zuba a buhu ko rumbu, a ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa. Wadda ta yi fumfuna ko ta sāke launi a tsince a ƙone. Kada a yi ƙuliƙuli da ita, kada a ba yara, kada a ba dabbobin da a ke tatsa.

4. A kai jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda Nijeriya ta sa cikin alluran yara tun 2004. Ta farko an fi so a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa. 'Yan mata kuma a bar su su karɓi ta HPV.

5. A hana sauro da gidan sauro da share kwatami, a kuma yi wa yara maganin zazzaɓi da wuri.

6. Mai tallar maganin daji a tambaye shi lambar rajistar hukumar NAFDAC. Kwalbar da aka rubuta a jikinta cewa don bincike ce kaɗai, ba ta sha ba ce, ba ta allura ba ce. In an ga ana sayar da irinta, a sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma.

Jama'a sun saba jin maganar shugabanninsu a kan sha'anin gona da na haraji da na zaman lafiya, za su kuwa ji a kan wannan. Hakimin da ya sa aka kai yaro guda asibiti cikin makon da muƙamuƙinsa ya fara tashi, ya yi abin da masanan da aka ambata a littafin nan duka ba su da ikon yi daga inda su ke.